ALBASHIN BABA DA ALBASHIN ƊA: WA YA CINYE BAMBANCIN?

Zuwa ga ma'aikata da 'ya'yan ma'aikata na Kakuri, da Makera, da Nasarawa, da Tirkaniya, da Kurmin Gwari, da Barnawa, da Narayi, da Sabon Tasha, da duk sauran unguwannin ƙetaren gada.

Jama'a, akwai wata gardama da ta shiga gidajenmu ta zauna daram. Kai mai karanta takardar nan ka san ta, don ko dai kai ke yin ta, ko kuma a kanka ake yi. Dattijo ya dubi ɗansa ya ce: "Ni da naira 125 na yi aure, na kama ɗaki ciki da falo, na sayi keke da rediyo, har ina aika wa iyayena wani abu ƙauye. Kai ana ba ka dubu saba'in, amma wata bai raba ba ka zo neman kuɗin mota. Yaran zamani ba ku da tattali, ba ku da haƙuri, sai waya da son banza." Saurayi kuwa ya sunkuyar da kai don ladabi, amma da ya fita ƙofar gida sai ya ce wa abokansa: "Su ne fa suka ci lokacinsu suka ci namu. Sun ɓata ƙasa, yanzu sun dawo suna yi mana wa'azi."

To, zaɓen 2027 na tafe, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Mu zauna mu yi lissafin nan a fili, mu ga wanda ke da gaskiya, mu kuma ga wanda ke cin ribar wannan faɗa na uba da ɗa.

KAI BABA, GA LISSAFI

Ba wanda ya ce ka yi ƙarya. A 1981 aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a ƙasar nan, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka tsayar da shi a kan naira 125 a wata. Amma ka tuna wace irin naira ce. A shekarar nan dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 60 ake canza ta. Watau albashinka ya ɗan haura dala 200. Litar fetur kuwa kwabo 15 da ɗan ɗoriya take. In da ka ga dama ka kwashi albashinka duka ka kai gidan mai, da an auna maka fiye da lita 800.

Yanzu juyo ka dubi na ɗanka. A watan Yuli 2024 aka sa hannu a kan naira 70,000, Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta ce nata 72,000 ne. A ranar da aka sa hannun dala ta haura naira 1,500, watau albashin bai cika dala 50 ba. Kafin shekarar ta ƙare litar fetur ta wuce naira 1,000. Albashin wata guda cur, lita 70 ke nan. Kai lita 800, shi lita 70.

Ka sake dubawa ta wata fuskar. Daga 125 zuwa 72,000, albashi ya ninka sau 576. Fetur kuwa, daga kwabo 15 zuwa naira dubu, ya ninka fiye da sau 6,000. Shi fetur ɗin nan kuma ba mai mota kaɗai yake ci ba. Shi ke ɗauko masara daga Saminaka, shi ke ɗauko doya daga Kafanchan, shi ke kai yaro wurin aiki ya dawo da shi. A 2024 buhun shinkafa guda ya fi mafi ƙarancin albashi tsada. Tsakaninka da Allah, baba, a zamaninka ka taɓa aikin wata guda ya kāsa saya maka buhun shinkafa?

Saboda haka in yaronka ya dawo hannu rabbana ranar 15 ga wata, kafin ka ce almubazzari ne, tambaye shi nawa yake biya daga Sabon Tasha zuwa cikin gari ya dawo, ka ninka sau 26, ka cire. Sa'an nan ka cire haya, da wuta, da ruwa, da garin tuwo. Abin da ya rage, in akwai, shi ne za ku yi gardamar tattali a kansa.

Wani abu kuma da ake mantawa: wannan dubu saba'in ɗin ma ba kowa ke ganinta ba. Dokar ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin rabin lokaci, da waɗanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da suka yi. To ina ne yaranmu ke aiki in ba nan ba? Malamar makarantar kuɗi a Narayi, yarinyar shagon POS a Barnawa, yaron gidan mai, maigadi, mai gidan burodi, direban Keke mai kai balas kowace yamma, galibinsu doka ba ta san da zamansu ba. Ko a manyan kamfanoni an ƙirƙiro dabarar ɗaukar mutum ta hannun ɗan kwangila, ya yi shekara biyar yana "wucin gadi", ba takarda, ba hutu, ba asibiti, ba fansho, ranar da ya buɗe baki a nuna masa ƙofa. Alhali kuwa dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce.

KUMA BA HAƘURI NE YA BA KA 125 BA

Nan ne fa, baba, za mu ɗan taɓa ka, ka yi mana afuwa. Kana ce wa yaro ya yi haƙuri kamar yadda kuka yi. Yaushe kuka yi haƙurin? Naira 125 ba kyautar Gwamnati ba ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, naira 300 ta nema. Da aka tsaya ja-in-ja, a watan Mayu 1981 ma'aikatan ƙasar nan suka ajiye aiki gaba ɗaya, sai da Gwamnati ta sauko aka zauna. Shi Sunmonu bai cika shekara 40 ba sa'ad da aka zaɓe shi a 1978. Adams Oshiomhole yana saurayi ya shiga masaƙar Arewa Textiles a nan Kakuri, daga nan ya taso har ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ƙungiyar da hedkwatarta ke nan Kaduna. Ku ne samarin lokacin. Ku ma an kira ku marasa kunya, an ce ba ku da godiyar Allah, an ce iyayenku da fartanya suka rayu ba su yi yaji ba. Da kun saurari wannan magana, da ba ku ga 125 ba.

Gadon da ya kamata ka bar wa ɗanka ke nan: yadda ake kafa ƙungiya, yadda ake zaɓen wakili a sashe, yadda ake zama da manaja a teburi ɗaya ba tare da an durƙusa ba. Wannan ilmi yana kanka, ba a koyar da shi a jami'a, kuma kana shirin tafiya da shi kabari don kana fushi da mai waya a hannu.

KAI KUMA SAURAYI, SAURARA

Kada ka yi murna wai mun goyi bayanka. Kai ma akwai taka. Ka ce su baba sun ci lokacinsu sun ɓata ƙasa. Wane baban? Wanda ya yi shekara 25 yana tsaye gaban injin saƙa, ƙurar auduga na shiga ƙirjinsa, ƙarar inji ta cinye masa kunne? Shi ya sa hannu a takardar bashin ƙasa? Shi ya karya naira?

Bari mu gaya maka abin da aka yi masa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, ita ce uwar masaƙun Arewa. Bayanta Nortex, da Arewa Textiles, da UNTL suka biyo cikin shekarun 1960, daga baya wasu suka ƙaru. A 1975 aka fara haɗa motar Peugeot a Kakuri. A 1980 aka buɗe matatar mai. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, titin Kakuri ba masaka tsinke, kekuna da mutane dubbai, masu shiga da masu fita, dare da rana. Bahaushe, da Bajju, da Atyap, da Gbagyi, da Tibi, da Idoma, da Bayarabe, layi ɗaya suke bi su karɓi albashi, ƙungiya ɗaya suke biya wa kuɗin wata.

Sa'an nan aka fara yanka su da wuƙa marar kaifi. A 1982 kuɗin mai ya faɗi, Gwamnati ta kawo tsuke bakin aljihu, kayan gyaran inji suka yi wuya, aka fara rage ma'aikata. A 1984 iyayenka mata sun kwana a layi don madara da sabulu da shinkafa, soja na tsaye da bulala. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP bisa shawarar masu ba da lamuni na duniya, aka saki naira ta faɗi, albashin da aka yi yaji aka samo ya narke a aljihu kamar ƙanƙara a rana. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi daga waje. Atamfar Sin ta malalo ta Kwatano da Maraɗi, ta kan iyaka a ɓoye da sarari, ta cika Kantin Kwari, wata ma da tambarin masaƙunmu a jikinta. Wuta ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya zama sai da hanya, ga matata kuwa a bayan gida. A ƙarshen 2002 KTL ta rufe ƙofa, masaƙar da jihohin Arewa 19 ke da ita. Arewa Textiles ta bi baya. A 2007 UNTL ma ta tsaya.

Ma'aikatan KTL aka sallame su ba garatuti. Shekara da shekaru suna zarya, suna zanga-zanga, suna kai kuka gun gwamnonin Arewa, da yawansu har suka mutu ba su ga haƙƙin guminsu ba, matansu suka ɗora daga inda suka tsaya. Wannan shi ne mutumin da kake cewa ya ci lokacinsa. Wanda ya samu fansho ma, tsadar da ke cin albashinka ita ke cin fanshonsa, har ta fi cin nasa, don shi ba shi da ƙarfin da zai hau babur da dare ya cike giɓi. In ya yi maka faɗa a kan tattali, sau da yawa tsoro ne ke magana, tsoron wanda ya taɓa ganin ƙofar masaƙa a rufe da kwaɗo ranar Litinin da safe.

Kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tambaye shi labarin Udoji. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji har da ariyas na watanni, kowa ya cika aljihu, aka yi ta sayen babur da rediyo. Kafin shekara ta juyo 'yan kasuwa sun ninka kuɗin kaya, hauhawar farashi ta kai wajen kashi 34 cikin ɗari. Darasin da baba ya koya da jikinsa shi ne: ƙarin lamba a takardar albashi, in ba a tsare darajar kuɗin ba, in kuma ƙasa ba ta ƙera abin da take ci take sawa, romon baka ne. Kai da ke ihu a ƙara albashi kana bukatar wannan darasi, don kada a sake yi maka wasan da aka yi a 2024, a ba ka da dama a karɓe da hagu.

TO WA YA CINYE?

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar 29 ga Mayu 2023, a wurin rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin Gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. A watan Afrilu 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga 'yan rukunin A. A tsakiyar shekarar tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, a Disamba kuma hauhawar farashi gaba ɗaya ta kai kashi 34.8. Duk wannan an yi shi da gaggawa, wani ma a rana ɗaya. Amma ƙarin albashi sai da aka yi fiye da shekara ana kafa kwamiti ana shan shayi.

Za su ce maka tallafin nan ɓarayi ke cinye shi. To, mun ji. Wa aka ɗaure? Za su ce kuɗin da aka tsimi ana raba wa jihohi, kuma gaskiya ne kason da gwamnoni ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. To ina ya shiga? Ka gan shi a asibitin unguwarku? Ka gan shi a kuɗin motar zuwa aiki? Za su kuma ce maka ai hauhawar farashi ta sauka a 2025. Lura da wayon da ke ciki. A farkon 2025 an sake ma'aunin da ake awon da shi. Ban da haka, saukar wannan lamba ma'anarta kaya na ci gaba da tashi, sai dai a hankali. Ko da wasu kayan abinci sun ɗan sauko, haya ba ta koma inda take ba, kuɗin makaranta bai koma ba, magani bai koma ba. Wanda aka tura rijiya, in an ce ya rage saurin faɗawa, ai bai fito ba.

Kada kuma wani ya ce maka laifin jam'iyya ɗaya ce. Soja ne suka kawo SAP, su suka buɗe ƙofa ga yadin waje. A mulkin PDP masaƙun Kakuri suka mutu ɗaya bayan ɗaya. An ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu, a 2010 aka yi bikin sake buɗe UNTL da kaɗe-kaɗe, amma je ka Kakuri ka ƙirga bututun da ke hayaƙi. A 2009 aka ba da kwangilar tashar wuta mai megawat 215 a Kudenda, don masana'antunmu, aka yi fiye da shekara goma ba ta haska ko ƙwai ɗaya ba. A mulkin APC, a nan Jihar Kaduna, aka kori malaman firamare fiye da 21,000 tsakanin 2017 da 2018, a 2021 aka sake korar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har Ƙungiyar Ƙwadago ta zo ta tsayar da garin nan cik a watan Mayu. A watan Agusta 2024 da yara suka fito suna kukan yunwa, aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, aka kwashi wasu zuwa Abuja, ƙananan yara, aka tuhume su da cin amanar ƙasa, duniya ta ga suna faɗuwa a gaban alƙali don galabaita, kafin kunya ta sa a sake su. Riga ce kawai ake sakewa, masu sawa su ne dai.

Su waɗannan mutane ba abin da ke yi musu daɗi kamar su ji uba na zagin ɗa, ɗa na zagin uba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu mutanen Kaduna mun san wannan dabara fiye da kowa. Bayan rikicin 2000 da na 2002 an raba garin nan da kogi, maƙwabcin shekara 20 ya kwashe kayansa ya ƙetare gada, wasu suka yi kudu wasu suka yi arewa. Ka lura da kyau, shekarun da muke kallon juna da ido ja, su ne shekarun da ake sa wa masaƙu kwaɗo, ba mai ƙarfin tsayawa ya hana. Da an raba mu da addini, yanzu ana so a raba mu da shekaru. Mudun masara kuwa bai san Tudun Wada ba, bai san Sabon Tasha ba, bai tambayi shekarun mai saye ba.

ABIN DA MUKA TSAYA A KAI

Mu ba za mu yi muku alkawarin jiniyar 1980 za ta sake kuka gobe da safe ba. Wanda ya gaya muku haka, maƙaryaci ne. Ga abin da muka ɗaure kanmu da shi, ku riƙe takardar nan ku tuhume mu da ita:

Na ɗaya, dokar 2024 ta ce a sake duba mafi ƙarancin albashi bayan shekara uku, watau 2027, shekarar zaɓe. Muna so a ɗaure albashi da fansho a jikin farashin kaya, in abinci da haya da kuɗin mota sun tashi su ma su tashi kowace shekara, ba sai an yi yaji ba.

Na biyu, a rage sharaɗin ma'aikata 25, don malamar makarantar kuɗi da yaron shago su shiga inuwar doka, a kuma sassauta wa ƙananan masu sana'a harajin da ake tatsarsu, don su iya biya.

Na uku, duk wanda ya yi wata uku a wuri a ba shi takardarsa, a bar shi ya shiga ƙungiya. A ɗauki masu duba wuraren aiki da za su shiga kamfani ba tare da an sanar ba.

Na huɗu, duk tsohon ma'aikacin masaƙa da ke bin haƙƙinsa, ko matarsa, ko marayunsa, a biya su kafin a taɓa ko taku ɗaya na filin masaƙar.

Na biyar, wuta da iskar gas su fara isa Kakuri da Kudenda kafin gidajen manya. Kakin soja, da na 'yan sanda, da na 'yan makaranta, da zannuwan asibiti, a saye su daga masaƙar gida, da audugar Funtuwa da Gusau. Umurnin sayen kayan gida yana nan a rubuce tun 2017, aiki da shi ne babu.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku, namu ko na wasu, ku karanta masa waɗannan biyar ɗin, ku ce ya amsa ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. In ya fara kame-kame, ya ɗauko atamfa da taliya, ku duba bakin atamfar ku ga inda aka saƙa ta.

RANAR ZAƁE

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum huɗu masu rajista, da ƙyar ɗaya da ɗan ɗoriya ya fita. Sauran suka zauna gida suna cewa ai an riga an gama. Waɗanda suka zauna ɗin nan su ma sun sayi fetur naira dubu. Kai saurayi, tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai. Amma har yanzu aikin da 'yan siyasa suka ware maka shi ne riƙe gora da manna hoto, su ba ka abin da ba zai kai ka jibi ba. 'Ya'yansu na ƙasar waje suna karatu da dalar da ta fi ƙarfin albashinka. Ke 'yar'uwa, ke ce ke auna mudu, ke kika fi kowa sanin abin da dubu ɗaya ke sayowa yau da abin da take sayowa shekara huɗu baya, ba mai yi miki bayanin tattalin arziki. Kai baba, ka taɓa tsayar da ƙasar nan da hannunka a 1981, ba ka tsufa da dangwala yatsa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau da dare, bayan an ci abin da ya samu, baba ya ɗauko tsohuwar takardar albashinsa in tana nan, yaro ya buɗe wayarsa ya nuna nasa, ku ajiye su gefe da gefe ku yi lissafin da muka yi a sama da kanku. Sa'an nan kowa ya nemo katinsa na zaɓe ya adana. Ranar zaɓe ku fita tare tun da sassafe, yaro ya riƙe wa baba kujera, a jefa ƙuri'a, kada kowa ya bar rumfa sai an ƙirga a gabanku an rubuta an manna.

In ka gama karantawa, miƙa wa maƙwabcinka. Wanda bai iya karatu ba, karanta masa.